Fuska a gaba, kamfani a baya: fashin baƙi kan katunan taurarin fim na sigarin Jamus

Katin bai kai tafin hannun yaro ba. A gabansa akwai fuskar mace mai siririyar gira, an zagaye hoton da layin ruwan zinare, a ƙasa an rubuta sunanta da na kamfanin fim ɗin da take yi wa aiki. A bayansa akwai lamba, da sunan jerin da katin ya fito a ciki, da sunan tabar da aka saka shi a kwalinta, sai 'yan layuka masu kwaɗaitar da mashayi ya sayi kundin da zai liƙa hoton. Irin waɗannan katuna ne kamfanonin sigari na Jamus suka yi ta zubawa a kwalaye daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa farkon shekarun 1940. Yau, bayan wajen shekara 90, akwai mutane a Turai da Amurka da ba su da abin so kamar tara su.

Wanda ya hango daga nesa zai ce ai hotunan kyawawan mata ne da samari masu gyararren gashi, ba wani abu ba. Da yawa daga cikin masu tarawar ma a nan suke tsayawa: su sayi fuskar da ta burge su, su tambayi farashi, shi ke nan. A ganina wanda ya tsaya a gaban katin rabinsa kawai ya gani. Lokacin da aka fi buga katunan nan shi ne lokacin da Jamus ta fita daga mulkin jamhuriya ta faɗa hannun Hitler, don haka kowane jeri yana nuna wanda ake yayi a shekarar da aka buga shi, da wanda aka daina bugawa, da kuma hannun da kamfanin yake ciki. Sai an juya katin an gano shekararsa kafin ya yi magana.

Ba Jamusawa ne suka fara ba. A Amurka, a shekarun 1870 da 1880, kwalin sigari na takarda ce mai laushi, sai ake saka ɗan kwali mai tauri a ciki don kada karan tabar ya karye a aljihu. Daga baya aka ga asara ce a bar shi fari fat, aka fara buga masa hoto. Kamfanin Allen & Ginter na Virginia ya yi suna da wannan, a Ingila kuma Wills da Player suka ɗauka. Jamus ta shigo a makare ta fuskar taba, amma ta riga ta saba da tara hotuna ta wata hanyar. Tun shekarun 1870 kamfanin Liebig mai sayar da sinadarin romon nama yake raba katuna masu launi, kamfanin cakulan na Stollwerck a birnin Kolon kuma ya saba wa yara da sayen kundi na musamman don liƙa hotunansa tun kafin 1900. Wannan ne ya bambanta salon Jamus da na Ingila. Jerin Ingila yawanci kati 25 ne ko 50. Na Jamus kuwa yakan kai 200 ko 300, kuma tun farko da kundi a zuciya ake tsara shi.

Me ya sa abin ya tumbatsa a daidai wannan lokaci? Dalili na farko haraji ne. Tun 1906 gwamnatin Jamus take karɓar harajin sigari ta hanyar wata 'yar takarda da ake liƙawa a bakin kwali, kuma harajin yana bin farashin da aka rubuta a kanta. Wannan ya raba sigari zuwa aji-aji na farashi, ya kuma rufe ƙofar karya kuɗi yadda aka ga dama. Tabar ita ma kusan iri ɗaya ce, domin kafin yaƙin duniya na biyu Jamusawa ganyen Girka da Turkiyya da Bulgeriya suke sha, ba haɗin Amurka ba. To idan farashinka ɗaya da na abokin takararka, ɗanɗano kuma bai yi nisa ba, da me za ka riƙe mai saye? Sai da abin da ke cikin kwalin wanda ba taba ba. Mutumin da ya tara hoto 140 cikin 200 ba zai canza taba ba sai ya cike gurbin sauran, ko da shi bai damu ba, 'ya'yansa da matarsa ba za su bar shi ba.

Dalili na biyu talauci ne. Bayan karyewar tattalin arziki ta 1929, marasa aikin yi a Jamus sun haura miliyan 6 a farkon 1932. Mashaya suka gangaro zuwa taba mafi araha, wadda ake sayar da kara 3 a fenik 10 (fenik shi ne kwabon Jamus na lokacin), takara ta yi zafi a wannan aji. Na uku kuma shi ne fim mai magana, wanda ya iso a daidai wannan gaɓa. Kamfanin Ufa, da aka kafa a 1917, yana da babban sansanin shirya fim a Babelsberg kusa da Barlin, kuma daga 1930 ya yi ta fitar da finafinan waƙa da soyayya da mutane ke ruguwa kallo don su manta da halin da suke ciki. Lilian Harvey da Willy Fritsch suka zama masoyan da kowa ke son gani tare. Hans Albers ya zama gwarzon maza. Wanda ya san yadda sitika da kalandar jaruman Kannywood suke shiga shaguna da ɗakunan matasa ba sai an yi masa dogon bayani ba kan abin da fuskar Harvey take yi wa cinikin kwalin taba.

Kada kyan katunan ya sa a manta cewa tarko ne. Kayan talla ne na abin da ke kashe mutane, kuma kamfanonin sun san sarai cewa yara ne suka fi zumuɗin musayar hotunan a makaranta da bakin titi. Yaron da ya tashi yana roƙon manya kwalin da suka gama da shi ya riga ya san sunan taba kafin ya kai shekarun sha.

Duk wanda ya fara juya katunan nan zai ga suna ɗaya yana ta maimaituwa: Dresden. A wancan zamani nan ce cibiyar sigarin Jamus, tun da kamfanin Laferme ya buɗe masana'anta a can a 1862. Jasmatzi, wanda wani Bagirke ya kafa, yana can, haka Haus Bergmann da Monopol da Orami da Greiling da Eckstein. A can ne kuma ginin Yenidze yake har yau, wanda mai kamfanin taba Hugo Zietz ya gina tsakanin 1908 da 1909. Hukumar birnin ba ta yarda a yi ginin da ya yi kama da masana'anta kusa da tsakiyar gari ba, sai ya sa aka zana masa gini mai siffar masallaci, da ƙubba ta gilashi, aka ɓoye bututun hayaƙi cikin abin da ya yi kama da hasumiya. Tabar da aka riƙa yi a ciki sunanta Salem Aleikum, daga baya aka taƙaita zuwa Salem. Musulmi ba zai ji daɗin ganin an ɗauki siffar ɗakin ibada da lafazin sallama an mai da su tallan taba ba, ni ma ban ji ba. Amma haka kasuwar take a lokacin: duk abin da ya yi ƙamshin Gabas yana sayar da sigari, shi ya sa ake samun sunaye irin su Ramses da Sarauniyar Saba a kan kwalaye. Sunan Salem ɗin nan ne ke bayan jerin Gold-Film-Bilder, ɗaya daga cikin waɗanda masu tarawa suka fi sani.

A Barlin akwai Manoli da Josetti da Garbaty, a Baden-Baden akwai Batschari mai tabar Mercedes. Sai dai yawan sunayen nan yana ruɗi. A cikin shekarun 1920 kamfanin Reemtsma, wanda ya taso daga Erfurt ya koma Altona-Bahrenfeld a gefen Hamburg a 1923, ya yi ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, Yenidze da Jasmatzi da Manoli da Josetti da Batschari duk suka shiga hannunsa, ya bar musu sunayensu a kan kwali. Zuwa tsakiyar shekarun 1930 fiye da rabin kasuwar ƙasar tasa ce. Wannan na cikin dalilan da ke sa a ga hoto ɗaya, lamba ɗaya, amma bayan katin yana ɗauke da sunayen taba daban-daban. Jerin Bunte Filmbilder misali ne, ya fito ƙarƙashin sunaye da dama. Ga sabon shiga wannan maimaici ne kawai. Ga wanda ya daɗe a harkar, bayan katin ne wurin farauta, domin wata tabar ta yankin da ba ta yaɗu ba katinta ya fi wuyar samu ninkin ba ninkin.

Hotunan kansu, da yawa daga gida ɗaya suke fitowa: Ross Verlag na Barlin, kamfanin Heinrich Ross, wanda ya shahara da buga katunan gidan waya masu hoton 'yan fim. Shi ke da alaƙa da kamfanonin fim na gida da na Hollywood, shi ya sa za ka ga Greta Garbo da Joan Crawford da Clark Gable da Jean Harlow a jeri ɗaya da 'yan gida. Wasu katunan hoto ne na gaske da aka wanke a takardar hoto mai sheƙi, baƙi da fari ko ruwan ƙasa. Wasu bugun inji ne mai launi. Na Garbaty, musamman Moderne Schönheitsgalerie na 1934, sun yi fice saboda launinsu mai kauri da adon gefe, wasu har da tudu-tudun da yatsa ke ji. Idan aka ce in zaɓi mafi kyau a ido, su zan nuna ba tare da dogon tunani ba.

Akwai wani bambanci da sabon mai tarawa ke yawan tuntuɓe da shi. Ba duk abin da ake kira katin sigari ba ne ya taɓa shiga kwalin sigari. Reemtsma ya kafa wani sashe na musamman mai suna Cigaretten-Bilderdienst, wanda ya canza tsarin: maimakon hoto, sai a saka takardar shaida a kwali. Idan mutum ya tara adadin da ake bukata, ya aika ta gidan waya, a aiko masa da ƙunshin hotuna a jere, babu maimaici. Hotunan sun fi girma, takardarsu ta fi laushi, kuma kundinsu littafi ne sosai mai dogon rubutu da gurabun da za a liƙa hoto. A fannin fim, wanda ya fi shahara shi ne Vom Werden deutscher Filmkunst na 1935, wanda Oskar Kalbus, ma'aikacin Ufa, ya rubuta a juzu'i 2, ɗaya kan fim marar magana, ɗaya kan mai magana. An buga irin waɗannan kundaye da yawan gaske, kuma da yake cike su ba wuya, cikakku sun yi yawa a kasuwa har yau. Katin da ya fito daga kwali kai tsaye kuwa sa'a ce ke kawo shi, ya sha hannu, ya sha aljihu, ya sha ƙamshin taba. Cikakken jerinsa mai tsabta ya fi wuyar haɗuwa.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Hitler ya hau mulki ranar 30 ga Janairun 1933. Ranar 28 ga Maris Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ya tara masu harkar fim a otal ɗin Kaiserhof ya gaya musu inda aka dosa, washegari shugabannin Ufa suka yanke shawarar sallamar ma'aikatansu Yahudawa. A watan Yuli aka kafa hukumar fim ta ƙasa, wadda duk wanda ba ya cikinta ba shi da izinin aiki, kuma ba a karɓar Bayahude. Cikin 'yan watanni, mutanen da fuskokinsu ke cikin aljihun miliyoyin Jamusawa suka zama ba su da wurin zama a ƙasar.

Ɗauki jerin da aka buga a 1931 ko 1932 ka bi shi lamba-lamba. Za ka iya cin karo da Elisabeth Bergner, wadda ta koma Landan. Ga Conrad Veidt, wanda ba Bayahude ba ne amma matarsa Bayahudiya ce, ya bar ƙasar a 1933, ya ƙare yana fitowa a matsayin hafsan Nazi a fim ɗin Casablanca na 1942, tare da Peter Lorre da Szöke Szakall, su ma 'yan gudun hijira daga Barlin. Ga mawaƙi Richard Tauber, ga Gitta Alpár. Waɗannan sun tsira. Wasu ba su tsira ba. Paul Morgan ya mutu a sansanin gwale-gwale na Buchenwald a 1938, Fritz Grünbaum a Dachau a 1941. Otto Wallburg, ɗan barkwancin nan mai ƙiba da saurin magana, an kashe shi a Auschwitz a 1944. Kurt Gerron, wanda ya fito tare da Marlene Dietrich da Emil Jannings a Der blaue Engel na 1930, ya gudu zuwa Holan, aka kama shi a can, aka kai shi sansanin Theresienstadt, aka tilasta masa shirya fim ɗin farfaganda mai nuna wai Yahudawa suna zaman jin daɗi a sansanin, da ya gama aka tura shi Auschwitz aka kashe shi a watan Oktoban 1944. Mutum ya riƙe kati mai murmushin ɗaya daga cikin mutanen nan, ya san cewa wanda ya fara ciro shi daga kwali ya yi dariya da wasansa a silima, sannan ƙasar ta zuba ido aka tafi da shi. Ban ga yadda za a yi wannan ya zama hoto kawai ba.

Gogewar ba a dare ɗaya ta faru ba, kuma wannan ne ke sa jerin 1933 zuwa 1936 suka fi kowanne bukatar a duba su a hankali. Kamfanoni suna da tsofaffin hotuna a ajiye, kuma kuɗi suke nema. Dietrich ta tafi Amurka tun a daren da aka fara nuna fim ɗin da ya ɗaga ta, wato Der blaue Engel, a Afrilun 1930, ta ƙi duk tayin da gwamnatin Nazi ta yi mata na ta dawo, ta karɓi takardar zama 'yar Amurka a 1939, amma fuskarta ta ci gaba da fitowa a katuna shekaru bayan hawan Hitler saboda tana sayar da taba. Kundin Kalbus ma bai iya ba da tarihin fim ɗin Jamus ba tare da ayyukan waɗanda suka gudu ba, irin su Fritz Lang mai Metropolis, duk da cewa rubutun ya karkata ga ra'ayin sabuwar gwamnati. A hankali ne sababbin fuskoki suka cike gurbi: Marika Rökk daga Hangari, Zarah Leander daga Suwidin, wadda Ufa ta ɗauko don ta maye gurbin da Dietrich ta bari. Waɗanda suka zauna ma ba duka ne suka ga da kyau ba. Renate Müller, wadda ke cikin kusan kowane jeri na farkon shekarun 1930, ta mutu a Oktoban 1937 tana da shekara 31 bayan ta faɗo daga tagar gidanta, a lokacin da take cikin matsin hukuma. Lilian Harvey kanta ta bar ƙasar a 1939, aka ƙwace mata takardar zama 'yar ƙasa a 1943.

Bayan katin ma yana da irin wannan labari. Iyalan Garbáty Yahudawa ne. Josef Garbáty ya gina masana'antarsa a unguwar Pankow ta Barlin, ya yi suna da kyautata wa ma'aikata. Kyawawan katunan nan na 1934 zuwa 1937 an buga su ne a lokacin da ake ta kiran a ƙaurace wa kayan Yahudawa. A 1938 aka tilasta wa iyalan sayar da kamfanin, suka fice zuwa Amurka a 1939, tsohon ya tsaya ya mutu a Pankow a wannan shekarar. Heinrich Ross shi ma Bayahude ne, an raba shi da kamfaninsa, ya bar Jamus a 1939, amma aka ci gaba da buga sunansa a ƙasan hotuna na wani lokaci kafin a canza wa kamfanin suna. A ɗaya ɓangaren kuma akwai kamfanin Sturm na Dresden, mai tabar Trommler, wanda ke samar wa dakarun SA na jam'iyyar Nazi kuɗi, har 'yan dabarsu suna kai wa shagunan da ke sayar da tabar abokan takara hari. Reemtsma ya nemi mafaka ta hanyar ba Hermann Göring, na hannun daman Hitler, maƙudan kuɗi, kuma sashen hotunansa da ya buga tarihin fim shi ne ya buga Deutschland erwacht a 1933 da kundin rayuwar Hitler a 1936. Inji ɗaya, takarda ɗaya, hanyar aikawa ɗaya.

Tun da shekara ce mabuɗi, kuma katunan da yawa ba a rubuta musu shekara ba, yaya ake gane ta? Sunan kamfanin fim da ke ƙarƙashin hoto yana taimakawa ƙwarai. Dietrich da sunan Paramount ba za ta riga 1930 ba. Harvey da sunan Fox tana nuna ɗan zaman da ta yi a Hollywood daga 1933, kafin ta dawo a 1935. Leander da sunan Ufa ba za ta riga 1936 ba. Idan an ambaci fim a bayan katin, shekarar fitarsa ita ce iyakar ƙasa. A kayan Bilderdienst kuma adireshi ne shaida: Altona gari ne mai zaman kansa har dokar 1937 ta haɗe shi da Hamburg, don haka wanda aka rubuta Altona-Bahrenfeld ya riga wanda aka rubuta Hamburg-Bahrenfeld. Sai a dubi jerin gaba ɗayansa, domin ɗan wasa mafi sabon shigowa a cikinsa shi ke nuna lokacin da aka tsara shi. Akwai kundayen bayani da masu tarawa ke dogaro da su, na Köberich a Jamus, da na ƙungiyar masu tara katuna ta Birtaniya da aka kafa a 1938, amma ko da su a hannu, idon mutum ne ke yanke hukunci.

Ƙarshen zamanin bai da tsawon labari. Yaƙi ya kawo ƙarancin takarda da taba, aka daina a farkon shekarun 1940. Bayan yaƙi an ɗan farfaɗo, sai gwamnatin Jamus ta Yamma ta hana saka hotunan tarawa a kayan taba a 1955. Al'adar ta koma kan man shafa wa burodi da cingam da sauransu.

Batun farashi yakan ba sababbin shiga mamaki. Suna jin cewa an sayar da katin sigarin Amurka mai hoton ɗan wasan ƙwallon sanda (baseball) Honus Wagner a kan dala miliyan 7.25 a 2022, sai su ɗauka duk tsohon katin taba dukiya ce. Ba haka ba ne. Wancan 'yan kaɗan ne suka rage a duniya. Na Jamus kuwa an buga su da yawan da ba ya ƙirguwa, kuma Jamusawa sun adana su a kundi, don haka yawancinsu kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Abin da ke ɗaga farashi shi ne sunan da duniya ta sani har yau, kamar Dietrich da Garbo da Louise Brooks da Anna May Wong, sai wuyar samun bayan katin, sai lafiyarsa. 'Yan kasuwar Amurka sun shigo da al'adar aika kati ga kamfanoni irin su PSA da SGC, su duba shi su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a roba mai tauri. Wannan yana kare katin, yana kuma kwantar da hankalin mai saye daga nesa. Illarsa ita ce yana sa a riƙa kallon maki a manta da mutumin da ke cikin hoton, har ta kai katin Wallburg ko Gerron, da yake ba su da kasuwa a Amurka, ana watsar da shi cikin tarkacen da ake sayarwa a dunƙule.

Wajen duba lafiyar kati, bayan ne ke fara tona asiri. Yawancinsu an taɓa liƙa su, don haka ana samun busasshen gam, ko wurin da takardar ta ɗaye ta tafi da rubutu. Wasu kundayen tsaga ake yi musu a soke kusurwar katin, waɗannan bayansu yakan fito da tsabta amma kusurwoyin suna da alamar lanƙwasa. A lura da gefen da aka datse da almakashi don ya yi kama da sabo: a auna shi da ɗan'uwansa na jeri ɗaya. Jabu ba su yi yawa ba tunda katunan ba su da tsada, sai a kan manyan sunaye. Gilashin ƙara girma yana nuna feshin tawadar injin zamani, wanda ya bambanta da tsararren ɗigon tsohon bugu, hoton gaske kuwa ba shi da ɗigo sam. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗi da ita ma tana aiki, domin takardar da aka yi bayan wajen 1950 yawanci tana da sinadarin ƙara fari mai ƙyalli a ƙarƙashinta, ta shekarun 1930 ba ta da shi. Wajen ajiya, abokan gaba su ne danshi da rana da gara, sai roba mai laushi irin ta PVC wadda ke fitar da maiƙo ta ɓata launi. A nemi leda marar wannan sinadari, kada a kusanci salatif ko gam.

Mai saye daga Jamus ya san cewa dokar ƙasar, sashe na 86 da 86a na kundin laifuka, ta hana yaɗa kayan farfagandar Nazi da nuna alamominta a fili, sai don ilimi ko bincike ko makamancin haka. Katunan fim yawanci ba su da matsala, amma kundayen siyasa na kamfanonin nan suna da ita, shi ya sa masu sayarwa ke rufe alamar a hoton talla, wasu kasuwannin intanet ma ba sa karɓarsu.

Akwai taƙaddamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu tarawa: a ɓalle kundi a sayar da katunan ɗai-ɗai, ko a bar shi yadda yake? Ɗan kasuwa ya san cewa idan ya jiƙa shafi ya ɗaye Dietrich da Garbo, kuɗinsu su biyu zai iya fin na kundin gaba ɗaya. Ni ina tare da masu cewa a bari. Kati ɗaya tilo yana gaya maka cewa an taɓa yin wata tauraruwa. Kundi yana gaya maka wa aka sa a shafin farko, wa aka tura ƙarshe, wa ke kusa da wa, wa ya ɓace idan ka gwama shi da na shekara biyu baya. Wasu kundayen suna da sunan yaron da ya tara su a bangon ciki da rubutun hannu, wasu an liƙa hoto a karkace, wasu an bar gurbi 5 ko 6 ba a cike ba. Idan kundin ya riga ya ruɓe, danshi ya cinye shafukansa, ceto katunan ya halatta, amma a ɗauki hoton kowane shafi tukuna, a rubuta sunan jerin da na tabar a ajiye tare da su.